Rijiya Casa'in da Shida

Babana marini ne a masaƙar Kakuri
kafin a garƙame ƙofa, ciyawa ta gaji injuna.
Har ya koma ga Allah, shuɗi bai bar farcensa ba.
Ni ma rini nake yi, Baba,
sai dai karofina bai fi tafin hannu ba:
farantin roba, rijiya casa'in da shida,
kowace ɗigon hawaye kaɗan ya ishe ta.

Ran Litinin na shuka ƙwayoyin halitta a gindinsu,
na kai akwatin ɗumi, suka kwanta kamar ƙwai a cikin kaza.
Talata sun yi shimfiɗa, kafaɗa da kafaɗa.
Laraba na sa safar hannu biyu, na rufe hanci,
na zauna gaban gilashin da ke zuƙe iska,
na ɗauki matsotsi mai baki takwas
na ɗiga wa kowa rabonsa:
wannan jiƙon marke, wancan sabara,
wancan garin da ya zo a kwalba, ba suna, sai lamba.
Sannan na saki baƙon.

Baƙon da sauro mai zanen fari a ƙafa ke yi wa dako,
wanda ba ya jiran a kashe fitila,
da la'asar sakaliya yake cizo,
gidansu tsohuwar taya a bayan Panteka.
Shi nake zargi da Mudan, ƙanena:
kwana tara ƙashi na sara,
gwaji ya ce ba maleriya, ba taifot,
likita ya juya takarda, ya ce a yi ta ba shi ruwa.
Ya tashi.
Ɗan maƙwabta bai tashi ba.

Alhamis da dare aka ɗauke wuta.
Firji ya yi shiru, gabana ya faɗi.
Malam Ɗanlasan ya fito, tocila a baki,
yana lallashin janareto kamar jakin da ya ga gada.
Minti goma sha ɗaya. Na ƙirga.

Asabar ranar rini.
Na zuba shunayya, na ɗauraye, na kife,
na ɗaga faranti wajen fitila.
Inda cuta ta ci, huji-huji,
kamar zanen da gara ta kwana a ciki.
Inda rai ya saura, nan rini ya kama.
Yawanci sun tafi.
Wasu baƙon ya cinye,
wasu kuwa maganin ne da kansa:
garin neman gira, ido ya fita.

Amma layi na huɗu, rami na bakwai,
shunayya sumul, ko tabo babu,
irin wadda da za ka gani, Baba,
sai ka ɗaga ta ka nuna wa rana.

Na ƙwala wa Kuyet kira daga ɗakin na'ura.
Ta gyara tabarau, ta daɗe ba ta ce uffan ba.
Sannan ta ce, "Riƙe guɗarki tukuna.
Wa ya sani ko hannunki ne ya tsallake ramin?
Maimaita. Sau uku."
Na ji haushi.
Gaskiya ta faɗa.
Faranti ba mutum ba ne,
ba shi da hanta, ba shi da uwar da ke jiran sa a benci.
Daga wannan rami zuwa bakin mara lafiya
tafiyar shekaru ce, in ma an isa.

Na hau keke zuwa gida.
A kan gada kogi ya cika ya batse,
wani abu ya cije ni a idon sawu,
na kai masa duka, na sami kaina.

Inna ta miƙo tuwo, ta tsaya.
Ashe safar ta ɓule wajen rini, ban lura ba.
Ta riƙe babban yatsana, ta juya shi ga haske,
ta daɗe,
ta ce, "Wanke hannu, ki ci."

Jibi Litinin.
Akwai sabon faranti a cikin leda.